Kalma Ɗaya da Ta Ƙi Bin Abdulbaqi Kabari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Agusta, 2025, kasuwar Maigatari tana tsakiyar ci, Allah ya karɓi ran taubashina Abdulbaqi, wanda masu kallo a waya suka sani da Dillali Sajo. Ya rasu a asibiti a Gumel bayan wani zazzaɓi da muka ɗauka irin na damina ne, wanda ake shan magani a miƙe. Shekararsa talatin da ɗaya. Ya bar mahaifiyarsa, ƙanwar mahaifina, wadda nake kira Goggo, da matarsa Nana Firdausi, da 'yarsa Ummi da ko yaye ta ba a yi ba. Mun kai shi makwancinsa bayan la'asar, ana yayyafi.

Abdulbaqi, na so in rubuta maka ta'aziyya irin wadda ake yi wa mutanen kirki, in yabe ka, in yi maka addu'a, in ajiye alƙalami. Amma ka bar mini aiki, aikin kuma yana neman fin ƙarfina. Wanda ya ga roƙo ya fi yabo yawa a wannan rubutu, ya yi mini uzuri. Ba ni da sauran ƙofar da zan ƙwanƙwasa.

Tare muka tashi a rugarmu kusa da Sule Tankarkar, ni ɗan namiji kai ɗan mace, kowa yana cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Ban taɓa cin ka a wasa ba, kuma ban ga wanda ya ci ka ba. Da na samu aikin ofis a Gumel ka raɗa mini Akawu, kana kwaikwayon tafiyata har ma'aikatan ofishinmu suka san ni tun kafin in gabatar da kaina. Ranar ɗaurin aurena ka kama haɓata a gaban surukaina, ka buɗe bakina ka duba haƙora kamar an kawo rago kasuwa, ka girgiza kai ka ce an cuci amarya, wannan ya kwana biyu a turke. Surukina, mutumin da ba a cika ganin haƙorinsa ba, sai da ya riƙe ciki. Na rantse a ranar sai na rama. Ga shi ka tafi ban rama ba.

Daga wannan shaƙiyanci aka haifi Dillali Sajo. Ka sa malafa, ka rataya sanda a kafaɗa, ka zauna a tabarma, ka mayar da kowane fim da kowane shirin Yutub dabbar da aka kawo kara, kasuwar dabbobi. Ka duba haƙori, ka danna gadon baya, ka ɗaga jela, ka faɗi inda labari ya rame da inda jarumi yake ɗingishi, sannan ka taya. Masu kallo su ne masu dabba. In tayinka ya yi musu kaɗan su rubuta "Albarka", kamar yadda mai saniya yake cewa in kuɗi ba su kai ba. In sun yarda da kai su rubuta "Mun sallama". Da wayarka ta fara gazawa, su suka yi karo-karo aka sayi kyamara: 'yan acaɓa, masu adaidaita sahu, ɗalibai, matan aure, har da mutanen tsallaken iyaka. Tun daga nan kowane shiri sai ka rufe shi da cewa kai ɗan aike ne, shirin nasu ne. Da ka san inda wannan magana za ta kai mu, da ka haɗiye ta.

Mutane sun san barkwancinka, ba su san sauran ba. Ba su san cewa in ka gama yi wa ƙaramin mai shiri dariya kana kiran sa a waya ka nuna masa inda zai tsaya don rana kada ta cinye fuskar jarumi. Kyamarar nan ta fi kwana a hannun masu aro fiye da ɗakinka, har Nana Firdausi ta ce in an tashi rabon gado a tambayi mutanen gari. Shekarar da shanun Baffa Barau, tsohon makiyayin nan maƙwabcinmu, suka ɓace, ka katse shiri a tsakiya, ka cire malafa, ka faɗi kamanninsu da tsagar kunnensu da Fillanci, ka maimaita da Hausa. Wani mai kallo daga wajen Damagaram ya gane su a wata mashayar dabbobi. Tsoho ya zo da ɗan maraƙi zai ba ka, ka ƙi. Ƙwaryar nono kaɗai ka karɓa, ita ma ka kurɓa ka ce an tsarma mata ruwa. Ya bi ka da sanda yana dariya yana hawaye.

Wannan shi ne kai. Ina faɗa ne don wanda zai karanta abin da ke tafe ya san ba mugu nake nema wa gafara ba.

Malam Ɗantala mutumin Gagarawa ne, malamin firamare, Bamange. Ya daɗe yana koyarwa a wani ƙauye a bakin iyaka, inda yaran da iyayensu suke da dangi a Nijar suke kiran malamin makaranta "Mushe", kalmar girmamawa da suka aro daga Faransanci. Sunan ya bi shi har gida, yana kuma son sa, don da alli ya same shi. A bakinmu mu mutanen iyaka, mushen malami da mushen dabbar da ta mutu ba yanka ba sa haɗuwa, murya tana raba su. A rubuce kuwa abu ɗaya ne.

Ɗantala yana da son wasan kwaikwayo tun yana saurayi. Mutanen garinsu suka yi masa karo-karo, mata masu ƙuli-ƙuli da 'yan acaɓa da tsofaffin ɗalibansa, ya fara wani shiri mai dogon zango a kan rayuwar gidan manomi. Da waya aka ɗauka. Murya ba ta fita sosai, zakaran maƙwabta ya fi jarumi amo. A farkon kowane kashi ana rubuta "Labari da shiryawa: Mushe Ɗantala". Kai da ka ga wannan, kuma ka ji Bamange ne, sai ka ce Allah ya kashe ya ba ka. Ai tsakanin Fulani da Barebari da danginsu Mangawa wasa ne tun kaka da kakanni, ba a fushi, ba a kai ƙara. Ka zauna a tabarmarka ka ce zakara ne ya cancanci kyautar gwarzon jarumi. Ka danna shirin nan, ka ɗaga jela, ka ja baya kana toshe hanci. Ka kira sunan mai shi da muryar girmamawa, sannan ka sake kiran sa da ɗaya muryar, ka ce, "Jama'a, an makara da wuƙa. Wannan mai shi ma ya rubuta da hannunsa."

Na yi dariya, Goggo ma da aka ba ta labari ta yi murmushi ta ce Barebari sun shiga uku da wannan yaro. A nan iyaka kowa ya gane wasan: Bafillace ya taɓa Bamange, gobe Bamange zai rama. Amma bidiyo ba ya tsayawa a iyaka. Ya je Kano, ya je Kaduna, ya je Legas, wurin mutanen da ba su taɓa jin an kira malami Mushe ba, ba su kuma da wasa da Ɗantala ta kowace fuska. Su mushe ɗaya suka sani. Suka yanke wurin nan kaɗai, suka ɗora masa kiɗa, suka haɗa da hotonsa. Suka cika shafinsa da kalmar, a rubuce, inda babu muryar da za ta cece ta. Daga waya ta sauko ƙasa. Samari suka fara toshe hanci in ya wuce a kasuwa. Aka kira matarsa matar mushe a gidan biki, ta bar wurin ba ta ci abinci ba. 'Yan wasansa suka janye ɗaya bayan ɗaya, shirin ya tsaya. Ɗalibansa da suke kiran sa Mushe da ladabi suka daina, don su kansu sun rasa da wace murya za su faɗa.

Ina shaida a gaban Allah, da ka ga haka ba ka yi jinkiri ba. Ka goge bidiyon. Ka ɗauke ni a babur muka je Gagarawa. Ɗantala ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, ya kawo ruwa. Ka durƙusa ka ce, "Malam, wallahi wasan Barebari na yi."

Ya ce, "Da a nan zauren ka faɗa, da na ce maka Bafillacen daji, mu yi dariya mu tashi. To yanzu wa zan rama wa? Mutum dubu ne suke wasa da ni, ko ɗaya ban san kakansa ba."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya raka mu har bakin hanya.

Ka dawo ka yi wani bidiyo ba malafa ba sanda, da muryarka ta gida, kana roƙon mutane su bar bawan Allahn nan. Suka yi dariya. Suka ce Dillali ya karɓi na goro. Wasu suka ce sabon salo ne, suna jiran kashi na biyu. Ka yi rantsuwa, suka ce rantsuwar ma ta iya zama. Fuskar da ta ba mutane dariya shekara da shekaru ba ta da yadda za ta yi su yarda kuka take. Da hankali ƙura ta ɗan lafa, muka ɗauka abin ya wuce.

A gadon asibiti, ranar da jikinka ya ɗan yi sauƙi har ka sha kunu, ka kama hannuna. Ba ka kira ni Akawu ba. Ka ce, "Shehu, maganar Malam Ɗantala." Na ce ka warke mu koma tare. Ka ce, "To. In ban warke ba ka koma kai kaɗai." Goggo tana zaune a gefe, ta ji.

Yanzu bari in juyo gare ku, masoyansa. Na san kuna son sa. Na ga abin da kuka rubuta a ƙarƙashin sanarwar rasuwarsa. Mutane da yawa cikinku "Albarka" kuka fara rubutawa, wato ba ku sallama ba, kafin ku dawo hayyacinku ku yi salati. Na karanta na yi kuka, don na san ba gardama da hukuncin Allah kuke ba, zafin rabuwa ne. Kun zo jana'iza daga Hadejia da Kano da tsallaken iyaka, layuka har kan titi.

Amma cikin layukan nan akwai Malam Ɗantala. Ya zo ba wanda ya gayyace shi, ya tsaya can baya, ya sallaci wanda ya ɓata masa suna. Da liman ya ce wanda mamaci ya yi wa laifi ya dubi Allah ya yafe, na waiga ina neman fuskarsa. Abin da na gani shi ne wani ya ɗaga waya yana ɗaukarsa. Kafin mu dawo daga maƙabarta hoton ya zagaya, an rubuta a ƙasa: "Mushe ya zo rakiyar Dillali."

Daga nan kuka tono tsohon bidiyon, wanda mai shi ya goge da hannunsa. Kuka ce shi ne mafi ban dariya cikin duk abin da ya yi, da shi za ku tuna shi. Kuna saka shi a Tiktok da zaurukan Wasap, a sama kuna rubuta "Allah ya jiƙan Dillali", a ƙasa yana toshe hanci yana kiran bawan Allah mushe. Wace irin addu'a ce wannan? Da hannu ɗaya kuna roƙa masa rahama, da ɗayan kuna ɗora masa kaya.

Na bi ku ɗaya-ɗaya iya waɗanda na sani. Na kira masu manyan shafuka. Wasu sun goge, Allah ya saka musu da alheri. Wani ya ce mini ai raha ce kawai, Malam ya cika riƙo. Wani ya ce in ya goge wasu ba za su goge ba, mene ne amfanin. Wanda ya fi ƙona mini rai wani ne da ya ce, "Da kuɗinmu aka sayi kyamarar nan. Shi da bakinsa ya ce shirin namu ne." Na ce masa haka ne, shirin naku ne, amma kabarin nasa ne shi kaɗai. Ya kashe waya.

Abdulbaqi, Goggo ba ta da waya mai hoto, ba ta taɓa zama ta kalli shirinka ba, kunya ba ta barin ta. Amma mata masu zuwa gaisuwa sun gaya mata. Kai ne ɗan farinta, tunda aka haife ka ban taɓa jin sunanka a bakinta ba, sai dai "wancan" ko "shi". Bayan sadakar uku ta kira ni ɗakinta, ta sa Nana Firdausi ta fita da yarinya. Ta ce, "Shehu, an ce Abdulbaqi yana nan yana zagin mutum." Ranar na fara jin sunan a bakinta. Na ce Goggo ba shi ba ne, hoto ne na da. Ta ce, "Muryar wa?" Na ce taka ce. Ta ce, "Haƙƙin mutum Allah ba ya yafewa sai mai shi ya yafe. Ka je ka karɓo mini." Tun daga ranar abincinta bai wuce ta kurɓi fura ta ture ba.

Na koma Gagarawa ni kaɗai, kamar yadda ka ce. Na tarar da Malam Ɗantala a gona yana cirar ciyawa cikin gero, don ya daina zama a majalisa. Ya rame. Ya yi mini ta'aziyya kafin in buɗe baki, ya tambayi Goggo da marainiya. Na durƙusa a kan kunya, na ce na zo da saƙon mamaci da na uwa.

Ya ce, "Tashi, Malam Shehu. Ni tun ranar da na ji ya rasu na yafe masa. Da ban yafe ba me zai kai ni jana'iza?"

Na fara hamdala, ya ɗaga hannu.

"Tsaya ka ji. Na yafe a ranar, na dawo gida na tarar an turo wa 'yata bidiyon. Na sake yafewa. Gari ya waye wani ya turo wa shugaban makarantarmu. Kullum sai ya tashi ya sake faɗa, da muryarsa, yana dariya. Ni ɗan'adam ne, in na ji sai zuciyata ta tashi, sai in yi ta kokawa da ita har in kwantar. Ba zan yi maka ƙarya a kan mamaci ba. Ka gaya wa mahaifiyarsa na yafe na jiya. Na yau ban san da wane hali zai same ni ba."

Na so in ji haushinsa, don in samu wanda zan ɗora wa, ban samu hanya ba. Mutumin nan ya fi mu gaskiya. Na dawo Goggo tana bakin ƙofa, abin da ba ta yi tun rasuwar. Ta ce, "Ya yafe?" Na faɗa mata yadda ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Ta ce, "To gobe ka sake tambayo shi."

Haka muke ciki. Kowace safiya ina kiran malamin nan a waya kamar mai bara, yana amsa mini da haƙurin da ban cancanta ba, ina kai wa tsohuwa amsa. Na san malamai sun ce mai yaɗawa shi ke ɗaukar nauyin yaɗawarsa, kuma kai ka tuba ka goge. Na faɗa wa Goggo haka, liman ma ya faɗa mata. Ta ce ta ji, amma ita bakin mai haƙƙi take jira.

Abdulbaqi, ni na rufe maka ido, ni na ɗaure maka haɓa da ƙyalle. Bakin da ke cikin wayoyin mutane ne ban san da me zan ɗaure shi ba. Na gaji, taubashina, ina jin tsoro, kuma wannan ne karo na farko da na shiga damuwa babu kai a kusa ka mayar da ita abin dariya.

Saboda haka ina roƙon ku, don girman Allah, duk wanda yake da wannan bidiyo ya goge. Sauran ku riƙe, akwai na shanun Baffa Barau, akwai da yawa da ba su taɓa kowa ba. Wanda aka turo wa kada ya tura gaba, ya gaya wa mai turowa cewa mai muryar ya janye maganarsa tun yana da rai. Wanda ya haɗu da Malam Ɗantala ya gaishe shi da sunansa. Kun taɓa haɗa hannu kuka saya wa Dillali abin magana. Yau shiru yake buƙata, shi ma sai kun haɗa hannu.

Ina miƙa ta'aziyya ga Goggo, da Nana Firdausi, da 'yan'uwa na Sule Tankarkar da Gumel da Maigatari, da abokan aikinsa, da ku masoyansa na kusa da na nesa. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya raya Ummi bisa tafarkin Musulunci, ya sa ta tashi ta ji alherin mahaifinta. Ina kuma miƙa ban haƙuri ga Malam Ɗantala da iyalinsa da mutanen Gagarawa, a madadin gidanmu baki ɗaya. Allah ya mayar masa da sunansa, ya saka masa da haƙurinsa.

Ya Allah, ga bawanka Abdulbaqi ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ka sa baƙin cikin da ya yaye wa bayinka ya rinjayi wanda ya jawo bai nufa ba. Ka sa Aljanna ce makomarsa, mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Ya Allah, kafin ka ɗauki ran tsohuwar nan, ka nuna mata ranar da Malam Ɗantala zai ce ya yafe, yafiyar ta kwana, gari ya waye tana nan. Amin.